Sunan Da Batula Ba Ta Faɗa

Rana ba ta gama fitowa ba Batula ta ji kukan motar shanu a bayan gida, ta kuwa san abin da ya kawo ta. Tana tsugune gaban murhu tana dama kunu, sai ta ga hannunta ya ƙi juya ludayin. Haliru, ɗanta na biyu, yana bakin garke yana ta faɗa da masu lodi har muryarsa ta dishe. Shanu huɗu ake turawa cikin motar. Na yayansa Sirajo ne, malamin firamare a Tambuwal, wanda ya aiko cewa a kai masa su kara, wurin cinikin shanu, yau ranar kasuwa, zai sayar da su duka.

A gidan marigayi Jumare na Kebbe, mijin Batula, saniya a garke ita ce ƙafar mutum a gida. Ko kana Sakkwato, ko kana ƙasar da ba a san sunanta ba, muddin taka tana ɗaure a turke to kai ɗan gida ne, za ka zo duba ta, ka ci tuwo, a yi hira. Wanda ya kwashe nasa kaf ya ce ba ya yi da ku ke nan, ba sai ya faɗa da baki ba.

Haliru ya shigo yana huci, sanda a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo.

"Inna, na cika mai umurninai. Ya ce a kawo, ga ni za ni kai mai. Amma wallahi in yas sallama su, ƙafatai ta fita gidanga, tawa ko ta fita nashi. Shekara sha takwas nika bin shanun ga cikin rana da ruwa, ko sannu ban samu ba sai wagga magana."

"Har da Kyalla?" in ji Batula, idonta na kan tukunya.

"Har da ita. Fuɗu yac ce, fuɗu nil loda."

"To in ka isa, ka faɗa ma mutumin Tambuwal..." Ta sake buɗe baki, ba abin da ya fito.

Haliru ya jira, ya gaji da jira. "Inna, ni ba Goggo ba ne. Ban iya kai saƙon da ba a gama faɗi ba."

Ya juya ya fita. Jim kaɗan motar ta tashi, ƙaurin kunu ya cika tsakar gida.

Mutumin Tambuwal ɗin nan ɗanta ne na fari, ita ta haife shi shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, kuma tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Haka ta tarar ana yi. Uwarta ta yi kunyar ɗan fari, kakarta ta yi, a Kebbe ma da wannan ake yabon mace. Sai dai yawancin mata sukan sassauta in ɗan ya girma ya ajiye iyali, su riƙa ce masa Malam ko Baban wance, a gaisa ta bayan ƙyaure. Batula kuwa ta ɗauki abin da zafi kamar an ce za a raba wa wadda ta fi kyauta. In ya shigo ta ƙofa, ta bi ta madafa. In ya yi sallama, sai ta amsa wa iska. Mata suna cewa kunya sai Batula, ita kuwa tana jin daɗin haka, ba sai an ɓoye ba.

Da aka yaye shi, Goggo Tambaya, yayar Jumare da ke aure a Tambuwal kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya shi ta tafi. Ranar Batula ta wuni tana daka geron da ba wanda ya sa ta, idonta na ruwa, tana cewa ƙaiƙayi ne ya shiga.

Abin da ya sa zaman ya yiwu duk shekarun nan, Goggo ce. Matar nan ta iya jin maganar da ba a faɗa ba. In Batula ta ce, "An ce zazzaɓi na yawo Tambuwal," sai Goggo ta ce, "Lafiyatai lau, malmala biyu yac ci jiya." Shi ke nan, an tambaya an amsa, ba wanda ya zubar da kunya. Kowace damina in nono ya yawaita, Batula takan soya man shanu ta cika kwalba, ta rufe bakin da leda ta ɗaure da jan zare, ta miƙa wa Goggo ta ce a sa wa tuwo. Ba ta taɓa cewa tuwon wa ba. Ta kuma sa Goggo ta yi mata alkawari ba za ta faɗi inda man ke fitowa ba, don haka Sirajo ya tashi yana zaton wurin matan Fulani ake saya masa a kasuwa. Haka ma saniyar da aka ba shi ranar suna, mai farin goshi, wadda zuriyarta ta kawo kan Kyalla ta yanzu. Ta Batula ce, da ita aka kawo ta gidan miji, amma ta sa Jumare ya sanar cewa kyautar Goggo ce.

To bana, da faɗuwar ruwan fari, Goggo ta kwanta kwana uku ta cika. Batula ta je Tambuwal zaman makoki. Ranar sadakar bakwai tana zaune cikin mata a ɗakin marigayiya, sai ga Sirajo ya shigo, babban mutum da furfura a gemu, ya durƙusa a gabanta yana kuka kamar wanda aka yaye jiya. Jira yake. Matan ɗakin duk suka yi tsit suna kallo. Batula ta ja mayafi ta juya fuskarta bango. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi ya fita. Wata tsohuwa ta ce, "Kunya sai Batula," kuma karon farko maganar ba ta yi mata daɗi ba.

Jiya da la'asar Rauda, matar Sirajo, ta kira ta a waya. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta shiga abin da ba a sa ta ba, don haka da Batula ta ji muryarta ta san babu lafiya.

"Inna, ki yi mini gafara, ba girmana ba ne in faɗi wanga. Tun ran bakwai ba shi cin abinci sai na matsa. Cewa shika yi wadda tas san shi duniya ta tafi, mi za shi yi da shanu Kebbe."

"Ai ya san al'ada," in ji Batula.

"Ya sani, Inna. Ni ma na sani. Amma mutum na iya sanin dalilin abu, abin ya ci gaba da yi mai zafi."

Batula ta riƙe wayar a kunne har kuɗin Rauda ya ƙare.

Yanzu ga mota ta tafi. Batula ta sauke kunun da ya ƙone, ta shiga ɗaki, ta durƙusa ta jawo kwalba daga ƙarƙashin gado. Man bana ne. Ta soya shi mako biyu bayan rasuwar Goggo, hannunta ya yi aikinsa kamar kullum, sai da ta gama ɗaure jan zaren sannan ta tuna babu mai kaiwa. Tun ranar yake nan. Ta naɗe kwalbar a gefen zane, ta yafa mayafi, ta leƙa gidan maƙwabcinsu Mu'awiya, magidanci mai kabu-kabu.

"Tambuwal nika zuwa, yanzu."

"Inna, ruwan jiya ya ɓata hanya. Ki bari rana ta ɗaga, ƙasa ta sha."

"In rana ta ɗaga ba ni da abin yi can. Tada babur ɗin."

Mu'awiya ya dube ta, ya dubi sawun tayar motar shanu a ƙofar gida, ya buga babur.

Hanyar Kebbe a damina sai wanda ya bi ta. Babur yana shiga rami yana fita, taɓo yana fallatsa musu har gwiwa, gero dama da hagu ya kai ƙugu. Batula ta riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗayan yana kan kwalba. Lissafin lokaci take yi a ranta. Masu sayen shanu na Kudu da wuri suke shiga kara don su loda kafin azahar, shanun Haliru kuwa ƙosassu ne, ba za su daɗe a tsaye ba. Kuma ta san dokar kara ko da ba ta taɓa shiga ba, mijinta ya sha faɗa: in mai dabba ya ce ya sallama, magana ta ƙare, ko ubansa ne ya taso daga kabari ba a warwarewa.

Me za ta ce in ta isa? Ta gwada faɗin sunan a ƙarƙashin ƙarar babur inda ba mai ji. Leɓɓanta suka motsa, harshenta ya tsaya cak. A addu'a ma "wancan" take cewa, ta bar wa Allah sauran tunda ya san wanda take nufi. Tsohuwa mai shekara sittin, wadda ta yi wa rabin matan unguwa ungozoma, ga ta tana kokawa da suna ɗaya kamar an ba ta dutsen niƙa ta ɗaga.

Sun yi fiye da rabin tafiya sai suka tarar da kwari ya cika da ruwa. Mu'awiya ya ce ta sauka ya tura. Ta tattare zane ta shiga, ruwan ya kai mata cinya, sanyi ya ratsa ta, ta ɗaga kwalbar sama da kanta. Da suka haye, babur ya ƙi tashi. Mu'awiya ya buga, ya buga, gumi ya keto masa, ya kwance fulogi yana gogewa da bakin riga yana hura masa iska. Batula tana tsaye tana kallon inuwarta tana gajarcewa a ƙasa.

"Ki kwantar da hankali, Inna," in ji shi. "Malam Sirajo mutum ne mai jin magana. In kin yi mai magana zai ji."

"Yi aikinka," ta ce. Da yake baƙon unguwa ne, bai san shekara nawa maganar nan take jira ba.

A bugu na bakwai babur ya yi tari ya kama.

Hantsi ya yi sosai lokacin da suka shigo Tambuwal. Motocin Sakkwato sun cika titi, 'yan kamasho na kiran fasinja, Mu'awiya ya riƙa kutsawa har bakin kara. Nan ya tsaya ya ce zai shiga ya kira mata su, don kara ba wurin mata ba ne. Kafin ya gama kafe babur ta riga ta shige.

Ƙaho ko'ina, warin kashin shanu, dillalai na ɗaga murya. Maza suka riƙa darewa suna bin ta da ido, tsohuwa jiƙe da taɓo har ƙugu tana rungume da wani abu a zane. Haliru ta fara hangowa ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ya gicciya sanda a wuya, ya rataya hannuwa a kai, fuskar nan kamar hadari. Ta bi inda yake kallo. Uku daga cikin shanun an riga an shafa musu shuɗin fenti a baya, wasu baƙi na jan su zuwa wajen tirela. Saura Kyalla kaɗai, tana tsaye tana tuƙa, farin goshinta na ƙyalli a rana.

Sirajo yana gefenta, ya juya wa Batula baya. Wani dogon dillali ya kama hannunsa yana girgizawa, mai saye na tsaye yana taɓa tozon saniyar.

"Malam, wanga tayi ya yi kyau. Ka sallama muna mu wuce."

Tsakaninta da su bai fi taku ashirin ba, amma wani garke ya gitta ya tare hanya. Ta ɗaga murya.

"Malam!"

Malamai wajen goma suka waiwayo, ban da shi. A kara kowa malam ne.

"Mutumin Tambuwal!"

Wasu suka yi dariya, wani ya ce, "Wane daga ciki, Inna? Duk mu ne." Dabarun da ta rayu da su shekara arba'in da ɗaya, a tsakar gida suke aiki, inda akwai Goggo mai fassara. Nan ba su da amfani. Ta ga kan Sirajo ya fara sunkuyawa irin na mai shirin amincewa, dillali ya ƙara matse hannunsa.

"Sirajo."

A siririyar murya ya fito, kamar ba daga bakinta ba. Amma ya ji. Ya waiwayo yana neman mai kiran, idonsa ya bi ta kan mutane, ya bi ta kanta, ya wuce. Bai san wannan muryar da wannan sunan ba. Abin da ya fi komai yi mata ciwo ke nan a duk ranar, ya fi ruwan kwari, ya fi dariyar dillalai. Ta cije, ta janye mayafi daga fuskarta.

"Sirajo, ni ce. Dakata."

Sandar Haliru ta zame ta faɗi. Wani dattijon Kebbe da ya san ta tun tana amarya ya yi salati a hankali ya kau da kai, ta kuwa san kafin magariba labarin zai riga ta isa gida. Ta ratsa ta tsakanin shanu ta tsaya gaban ɗanta. Bai durƙusa ba, bai gaishe ta ba. Kallonta kawai yake, hannunsa har yanzu cikin na dillali.

Ta kwance gefen zane ta miƙa masa kwalbar. Ya karɓa da hannun hagu, ya juya ta, ya shafa jan zaren da babban yatsa.

"Wanga na Goggo ne," ya ce. "Ina kinka same shi?"

"Goggo ba ta taɓa mallakar saniya ko guda ba. Ni ka soyawa, ita ka kaiwa. Na bana na soya shi bayan ta tafi, na rasa mai kai ma." Ta nuna Kyalla da haɓa. "Wagga ma, uwar kakanninta tawa ce. Da ita anka kawo ni gidan ubanka. Ni na hana Goggo faɗi, na sa ta yi alkawari. Kada ka ga laifinta."

Da Sirajo ya yi magana, muryarsa ba ta yi laushi ba.

"Ran bakwai fa? Na durƙusa gabanki. Sannu kawai nika jira."

"Na gan ka. Bango nika kallo, amma na gan ka. Ka rame, hularka a karkace, maɓallin wuyanka guda ya cire. Da na buɗe baki kuka za ni yi gaban mata. Sai niz zaɓi kunyata nib bar ka durƙushe. Ban kyauta ba."

Ba ta taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba. Ba ta roƙe shi kan saniyar ba, don ta ga ba ta da bakin roƙo. Abin da ta zo faɗa ta faɗa, saura nasa.

Dillali, wanda ba ruwansa da wannan duka, ya girgiza hannun da ke cikin nasa. "Malam, rana na yi, mai saye na jira. Ka sallama?"

Sirajo ya dubi Kyalla, ya dubi kwalbar. Ya zare hannunsa a hankali.

"Albarka. Wagga ba ta sayarwa ba ce."

Mai saye ya yi tsaki ya wuce, dillali ya bi shi yana ba shi baki. Sirajo ya kwance igiyar daga turke ya nufi ƙanensa da ita.

"Haliru, ka yi haƙuri. Mai da ta gida."

Haliru bai miƙa hannu ba. Can wajen tirela ana tura ta ukun sama, tana turjewa, ana dukan ta. Shi ya karɓi haihuwar ukun nan da hannunsa, ya san wadda ke tsoron tsawa da wadda ke satar gero.

"Ukun fa?" ya ce.

An sallama su, sun tafi. Batula ta san da ta yi magana tun ran bakwai, ko jiya a waya, ko ma da safe gaban murhu, da suna nan a turkensu. Haliru ya tsaya har aka rufe ƙofar tirela, sannan ya duƙa ya ɗauki sandarsa, ya fizgi igiyar daga hannun yayansa ba tare da ya dube shi ba. Fushin nan zai kai kaka bai huce ba, kowa ya ga haka a fuskarsa. Amma igiyar tana hannunsa, kuma hanyar Kebbe ya nufa da ita.

Aka bar su su biyu a ƙarƙashin bedi, uwa da ɗa, ba wanda ya san yadda ake ci gaba. Sirajo ya rungume kwalbar a ƙirji, man ya fara narkewa saboda rana. Batula ta dube shi sosai, ido cikin ido, ta ga ashe goshin Jumare gare shi, ta ga kuma yadda rigar ta yi masa yawa. Akwai tambayar da ta yi wa Haliru kowace safiya tun yana rarrafe, ta yi wa jikoki, ta yi wa baƙi, ta yi wa masu lodin shanu ma in sun kwana. Shi kaɗai ba ta taɓa yi wa ba.

"Sirajo, ka karya kuwa?"

Ya sunkuyar da kai.

"A'a, Inna."

"To mu tai gida, Rauda ta ɗora tukunya. Ni za ni zuba ma man da hannuna."